Tawada a Wuyan Riga

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina wanki da guga a Samaru, a wata rumfar kwano da ke bayan layin masu gyaran takalma, kusa da jami'a. Gidana yana Muciya, a Sabon Gari. Kullum da safe in hau bas in wuce Kwangila, da yamma in dawo. A cikin shekarun nan na wanke rigunan mutanen da yanzu ake ce wa dakta da injiniya da lauya, kuma ina iya ba da shaida a gaban kowa cewa ilimi ba ya hana hammata wari.

Ban yi boko ba. A ƙauyenmu an kai ƙanena makarantar mishan, ni aka kai ni gona, domin an ce ni na fi haƙuri. Da haka na zo birni ban san harafi ko ɗaya ba, amma ban taɓa ba wani kayan wani ba. Ina da nawa tsarin. A cikin wuyan riga, ta ciki, inda ba mai gani, nakan sa alama da biro. Wani ɗigo biyu, wani gicciye, wani da'ira da wutsiya. Har a gida haka nake yi. 'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata domin sunan mahaifiyata aka sa mata, tun tana firamare alamar rigunanta ɗigo uku ne a jere.

Abin da zan ba da labari ya fara ne da wata farar riga da ba tata ba.

Wani ɗalibi da ya daɗe yana kawo mini kaya ya zo da jaka guda cike, ya ce ya gama karatu, zai tafi gida jibi, in wanke masa duka. Da na zazzage kayan sai na ga wata farar riga mai gajeren hannu, an ɓata ta da tawada gaba da baya, baƙa da ja da shuɗiya, har kan kafaɗa. Na tausaya masa. Na ce lalle wasu marasa tarbiyya ne suka kama shi suka yi masa wannan wulaƙanci, shi kuma kunya ta hana shi faɗa mini. Na ƙudura zan nuna masa abin da gwaninta take nufi.

Na jiƙa ta a ruwan zafi da garin sabulu. Na matsa mata lemun tsami. Na sa bilic, na shanya, na sake sawa. Jar tawadar ta fita da wuri, shuɗiyar ta biyo ta, baƙar ce ta yi taurin kai har sai da fatar yatsuna ta saɓule. Kwana biyu ina kanta. Da na gama na sa mata bula da ɗan sitaci, na goge, na ɗora ta a saman sauran kayan don ita zai fara gani.

Ya zo ya bincika jakar har ƙasa.

“Baba mai wanki, ina rigata?”

“Wacce?”

“Farar nan mai rubutu.”

“Ita ce a hannunka,” na ce, ina jiran godiya.

Ya ɗaga ta ya duba gaba, ya duba baya, ya kai ta rana ya sake dubawa. Sannan ya zauna a kan bokitina ya yi wani dogon Turanci. Da ya dawo Hausa sai ya bayyana mini cewa al'ada ce ta shigo. Ranar da ɗalibai suka rubuta jarrabawarsu ta ƙarshe sukan sa farar riga, kowa ya riƙe maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, suna rubuta wa juna ban kwana a jiki. Rigar ba ta sake ganin ruwa har abada. Tasa ta shiga jakar ne bisa kuskure. Ya ce duk 'yan ajinsu sun sa hannu a kanta. Ya ce akwai wata yarinya da ya shekara huɗu yana gaisarwa ba ta amsawa, ranar ce kawai ta tsaya, ta rubuta masa lambar wayarta a kan kafaɗar hagu, kuma ta riga ta koma garinsu.

Na tuna kafaɗar hagu sosai. Nan ne na fi shan wahala.

Da na ba da labarin a gida, matata ta yi dariya har ta ajiye muciyar tuwo. “Maigida, ka wanke wa bawan Allah aure,” ta ce. Shekara da shekaru, duk lokacin da aka yi baƙi sai an ba su labarin, kuma ba ni nake bayarwa ba.

Ranar da Uwata ta samu shiga jami'a, muna zaune a tsakar gida, 'yan zumuntar mata na cocinmu sun zo taya murna, sai ta dube ni ta ce, “Baba, ranar da zan gama, don Allah ka bar bilic a rumfa.” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma a bas washegari na yi ta tunani. Ranar da za ta gama, duk wanda ya taɓa ara mata biro zai rubuta mata wani abu a riga. Ni da na goge mata yunifom tun tana tsayin teburin guga, iyakacin abin da ake fata daga gare ni shi ne kada in taɓa. A nan, tsakanin Kwangila da Samaru, na yanke shawara cewa hannuna zai hau rigar nan.

Akwai ajin manya da ake yi da la'asar a wata firamare kusa da rumfata, bayan yara sun tashi. Sunansa ajin yaƙi da jahilci. Ban san an daɗe ana yaƙi ba sai da na je na tarar ni ne abokin gaba. Muka zauna a kan bencin da aka auna da 'yan shekara bakwai, gwiwoyinmu a ƙirji. Malamarmu ba ta girmi Uwata da shekara biyar ba, amma takan ce mana “Iyayena, a buɗe littafi,” kuma ba ta taɓa yi wa kowa dariya ba, ko da ranar da na cika shafi guda da harafin da ya juya baya. Matata kaɗai na gaya wa. Na roƙe ta kada yarinyar ta ji, ina so ta gani da idonta a ranar.

A takarda karatun Uwata na shekara huɗu ne. Da haka aka yi da ban kai ba, domin shekarata ta farko ta tafi ne wajen koya wa yatsuna cewa fensir ba dutsen guga ba ne, ba ya son dannawa. Amma malaman jami'a da gwamnati suka taimake ni. Suka yi ta yajin aiki, su koma, su sake fita. Duk lokacin da aka rufe makaranta Samaru takan zama kamar an share ta. Masu abinci su kife tukwane, masu buga takardu su zauna suna kallon injinsu, ni kuma ba mai kawo ko hankici. Sai in zauna a rumfa da littafina tun safe. Mutane suna ta zagin masu yajin aiki a rediyo, ni ma ina tayawa, amma a raina na san ni kaɗai ne a garin nan na ci ribar abin. Da karatunta ya kai shekara shida ina karanta Hausa, a hankali, da yatsa a ƙarƙashin layi, kuma ina rubuta sunana ba tare da na fitar da harshe ba.

Na shirya abin da zan rubuta mata. Malama ta duba mini shi. Addu'a ce ta layi uku, akwai albarka a ciki, akwai aiki mai kyau, akwai miji mai tsoron Allah. Na sayi maka baƙa na ɓoye a cikin gwangwanin sitaci. Na gano cewa rubutu a kan yadi daban yake da na takarda, yadi yana gudu a ƙarƙashin alƙalami, sai ka miƙe shi da yatsa biyu. Na ɓata tsofaffin singiletina uku ina gwadawa. Matata ta ce idan na mutu a wannan makon masu wanka za su sha karatu.

Saura mako uku ta rubuta jarrabawar ƙarshe aka kira taron dattawan unguwa. An ce maganar kwata ce. Kwatar layinmu ta toshe damina uku ke nan, duk ruwan da aka yi sai ya shigo ɗakuna ya gaida mu. An yi taro a kanta ya fi a ƙirga. Masu gidajen sama suna cewa na ƙasa ne ke zuba shara, na ƙasa suna cewa sharar daga sama take gangarowa, kuma duk gaskiya suke faɗi, shi ya sa ba a taɓa yin komai ba.

Ranar na makara, domin wani malami ya tsare ni sai na goge masa babbar riga. Da na iso ƙofar gidan mai unguwa har an shafa addu'a. Na yi mamakin ganin fuskoki a sake. Liman da dattijon cocinmu suna zaune a benci ɗaya suna gyaɗa wa juna kai. Na ce a raina, to, yau dai kwata ta ga ta kanta. Sakataren kwamitinmu, wani tsohon akawu da ya yi ritaya amma bai sanar da kansa ba, yana zaune da takarda da aka buga da Turanci, mutane suna layi. Wasu su sa hannu, wasu su dangwala.

Da na zo gabansa bai ko ɗaga kai ba. Ya turo mini ɗan akwatin tawadar dangwale, kamar yadda ya saba turo mini shekara da shekaru.

“Kawo babban yatsa, mai wanki.”

“Ba ni biro,” na ce.

Ya ɗago. “Me za ka yi da shi?”

“Sosa kunne zan yi, Sakatare. Ba ni dai.”

Na karɓi biron, na sunkuya, na rubuta sunana da na mahaifina a layi na huɗu, domin an bar wasu layuka a sama don manyan da ba su iso ba, ni kuma ban ga dalilin da zai sa in je ƙasa ba. Ban yi sauri ba. Da na gama liman ya ce “Masha Allah,” dattijon cocinmu ya ce “Mun gode wa Ubangiji,” mai shayi ya tafa. Na mayar wa sakatare bironsa na tafi gida ina jin tsayina ya ƙaru. Ban tambayi kowa abin da takardar ta ƙunsa ba. Mutumin da ya nemi biro a gaban jama'a ba ya juyawa ya ce a karanta masa.

Kwana biyu bayan haka aka manna kwafinta a bangon famfon unguwa, inda kowace mace da kowace budurwa take tsayawa da bokiti.

Da yammar ranar ina cin tuwo a tsakar gida Uwata ta shigo da ruwa, ta sauke, ta durƙusa ta gaishe ni. Ba ta tashi ba.

“Baba, yaushe ka fara rubutu?”

“Wa ya ce miki ina rubutu?”

“Bangon famfo. Lamba ta huɗu.”

Matata ta duƙar da kai cikin tukunya kamar ta yar da wani abu a ciki.

“An ɗan jima,” na ce.

“Hannunka yana da kyau. Ya fi na sakatare.” Ta ɗago ta dube ni. “Ka san abin da ke cikin takardar, Baba?”

A nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Kalma uku ce, kuma na shekara hamsin ina faɗinta ba ta taɓa maƙale mini ba. Amma wannan ce rana ta farko da 'yata ta dube ni a matsayin mai rubutu, kuma ban so ta zama ranar da za ta gane mai rubutun bai san abin da ya sa wa hannu ba.

“Da ban sani ba zan sa hannu ne?” na ce.

“To, shi ke nan, Baba. Ba zan ba ka kunya a unguwa ba. Ranar zan rubuta jarrabawata in dawo gida da rigar da na fita da ita.”

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na dubi matata.

“Wace riga kuma? Ba maganar kwata ba ce?”

“Kwata?” ta ce. “Dattawan unguwa sun haɗu sun ce wannan rubuce-rubucen da ɗalibai suke yi wa juna a jiki rashin kunya ne, kuma duk uban da ya sa hannu ya yi alkawari ɗansa ko 'yarsa ba za su yi ba. Tun safe ake karanta mana a famfo. Ni har na ɗauka wani sabon salon ba-zata ne ka shirya mata.”

Ashe an buɗe taron da maganar kwata, aka yi gardama kamar kullum, sai wani ya kawo maganar rigunan ɗalibai don a huce. Abin da ya gagari unguwa damina uku bai motsa ba, amma a kan rigar 'ya'yan mutane an daidaita kafin shayi ya huce. Ni kuma shekara shida na yi ina koyon rubutu domin riga guda, kuma abu na farko da na rubuta a bainar jama'a shi ne kada a sa ta.

“Ka shiga ka gaya mata gaskiya mana,” matata ta ce.

“'Yar fari ce.”

“'Yar fari ba ta da kunne ne?”

Ba ta fahimta ba, ko kuma ta fahimta tana so ta ji ni na faɗa. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle ya bi shi ɗaki ya ce na yi ƙarya don in burge ka. Haka aka raine ni. Na san akwai iyayen zamani da suke zama da 'ya'yansu suna ba su haƙuri, ina yi musu fatan alheri.

Washegari na je wurin sakatare na ce ya cire sunana.

“Ba a cire sa hannu,” ya ce. “Da dangwale ka yi ma da sauƙi, sai a ce ba ka gane ba. Amma kai ka nemi biro. Duk muna nan.”

“Na ɗauka maganar kwata ce.”

“Ai shi ya sa ake karantawa kafin a sa hannu. Ba a koya muku wannan ba a ajin naku?”

Na yi masa godiya. Gaskiya ya faɗa, kuma na lura ya ji daɗin faɗarta fiye da yadda ya ji daɗin fanshonsa.

Mako guda gidan ya zama kamar ɗakin jiran asibitin Shika. Uwata tana gaishe ni safe da yamma, cikin ladabi, ba ƙari ba ragi. Ta daina biyo ni bas ɗin safe, ta ce karatu ya sa tana fita da wuri. Ni kuma a rumfa in buɗe gwangwanin sitaci in ga makar a kwance in rufe.

Ranar Asabar na tuna cewa duk garin nan, idan maganar cire tawada ce, ba a kai ni ba. Na zuba bilic a murfin kwalba, na naɗa auduga a kan tsinken ashana, na nufi famfo da hantsi, lokacin da layi ya fi tsawo. Na zaɓi lokacin ne da gangan. Na ce wa matan su ɗan matsa. Na sa yatsa na gangaro, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na fara shafawa.

Tawadar injin kwafi ba irin ta biro ba ce, wannan ma ranar na koya. Ba ta narkewa. Takardar ce take narkewa. Kafin in farga layi na huɗu ya zama rami, ana hango simintin bango ta ciki, kuma ya ɗan ci gefen sunan dattijon cocinmu da ke lamba ta uku.

“Baba mai wanki, yau takarda ake wankewa?” in ji wata mata.

“Ta yi datti ne.”

“Ka haɗa da guga mana.”

Mai shayi ya bar teburinsa ya zo kallo. Wani ya je ya kira sakatare, ya iso yana gyara hula.

“Wannan takardar kwamiti ce,” ya ce. “Kuma kwafi ce. Ta ainihin tana cikin fayil a gidana, sunanka yana nan daram.”

“Ta fayil ɗinka kai kaɗai kake karantawa, Sakatare. Wannan ce 'yata take gani.”

Ya ce za a kai maganar gaban dattawa. Na ce idan an kira taron a sa ta bayan maganar kwata, don in san ina da sauran shekaru.

Uwata ba ta cikin layin, amma a unguwarmu ba a bukatar mutum ya kasance a wuri. Da yamma ta gaishe ni kamar kullum. Na dai lura ta zuba mini ruwan wanke hannu da kanta, abin da ta bar wa ƙannenta duk makon.

Ana jibi jarrabawar na biya kasuwar Sabon Gari na sayi farar riga mai gajeren hannu, mai ɗan girma yadda za ta hau kan doguwar riga. Na kai ta rumfa na goge, ban sa sitaci ba domin tawada ba ta kama yadi mai sitaci da kyau. Na juya wuyan na sa ɗigo uku a jere. Na ba matata na ce ta sa mata a jaka.

“In ce mata me?”

“Kada ki ce komai.”

“Ku dai gidan nan,” ta ce, “da bebaye aka haife ku da an huta.”

Ranar ta zo. Tun azahar Samaru ta rikice. Motoci suna ta hon, ɗalibai sun leƙo ta tagogi cikin fararen riguna, wasu a kan babura uku-uku, masu sayar da maka sun fi masu sayar da ruwa ciniki. Na cire tawa daga gwangwani na sa a aljihun gaba. Na goge wando ɗaya sau uku. Duk farar rigar da ta gilma ta bakin layinmu sai na ɗaga kai. Ban san ko ta buɗe jakar ba. Ban san ko ta gani ta mayar ba. Kuma ko ta sa, ba wanda ya gaya mata cewa akwai wani a bayan layin masu gyaran takalma da addu'a ta layi uku a kansa. Na yi ta maimaita addu'ar a zuci don kada wani harafi ya gudu.

La'asar ta yi, lokacin ajinmu ya wuce, ban je ba. Na fara kashe gawayin dutsen guga.

“Baba, sannu da aiki.”

Tana tsaye a bakin rumfa. Rigar tana kan doguwar rigarta ta atamfa, kuma da ƙyar za ka ce fara ce. Baƙi da ja da shuɗi da kore, gaba da baya, hannuwa, har gefen ƙasa. Na dube ta da idon sana'a na ga aikin kwana huɗu.

“Yawwa, Uwata. An gama lafiya?”

“Lafiya lau.” Ta dubi aljihuna, inda kan makar ya leƙo. “Mama ta nuna mini singiletinka.”

“Mamanki ba ta iya riƙe magana ba.”

“Shekara shida ta riƙe, Baba.”

Ta ce tun safe ta dafe kafaɗarta ta dama da hannu don ta ajiye mini wuri, har ana tambayarta ko ciwo take yi. Da ta miƙa hannu za ta karɓi wayarta sai wata ƙawarta ta samu wurin ta zana fure. Ta cire rigar ta shimfiɗa a kan teburin guga. Muka duba tare. Na sa yatsa ina bi, ina karanta abin da na iya. Yawanci Turanci ne, sai wani da ya rubuta da Hausa cewa kada ta manta da shi idan ta zama minista. A kafaɗar hagu akwai lambar waya. Na daɗe ina kallon lambar. Ita kuma ta daɗe tana kallon kwanon rumfa.

Babu inda layi uku zai shiga. Babu inda layi ɗaya ma zai shiga.

Sai na juya wuyan rigar. Ta ciki fari ne tas, ba wanda ya taɓa, sai ɗigo uku a jere. Wurin bai fi faɗin yatsa biyu ba. Albarka ba za ta shiga ba, aiki mai kyau ba zai shiga ba, mijin kuwa da alama ya riga ya samu wuri a kafaɗar hagu. Na miƙe yadin da yatsa biyu kamar yadda na koya a kan singileti. Na cire murfin makar. Ta matso tana kallo, ni kuma na ji harshena yana neman fitowa, na mayar da shi.

Na ɗauki lokaci. Da na gama na hura wa tawadar iska, na tura mata.

Ta karanta a fili, a hankali, da yatsa a ƙarƙashi, yadda nake yi.

“Kada a wanke.”

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ban tabbatar ko dariya ce kaɗai ba, kuma ban tambaya ba. Na juya na ci gaba da kashe gawayi.

Muka hau bas ɗaya zuwa Sabon Gari. Na ce ta sa rigar a jaka idan tana so, ta ce zafi bai dame ta ba. Da haka muka sauka, da haka muka shiga layinmu, muka tsallake kwata, muka wuce ta gaban mai shayi da bencin dattawa. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake sakatare ba. Ya amsa yana kallon wani wuri.

Takardar famfo ba ta kai mako biyu ba ruwan sama ya ɓamɓare ta, ta bi sauran shara ta shiga kwata, tana nan tana ba da tata gudummawar. Har yau ba a kira taron da za a hukunta ni ba. Rigar kuwa tana cikin akwatin matata, a ƙarƙashin zannuwan coci, kuma duk da abin da na rubuta da hannuna, makullin ba ya wurina.